Idon Sawun Falmata

Da sunan Allah nake buɗe baki, Wanda ya jera ƙashi ya lulluɓe shi da tsoka, ya ɓoye mana abin da ke ciki. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Usaina ce ke riƙe da biro, ita da take koyarwa a firamare a Gaya. Na ce mata abin da ya fito bakina ta sa shi yadda ya fito, kada ta rufa mini asiri. An rufa mini asiri har ya isa, rufin ne ma ya kusa cin ƙafar mutum.

A Balan ba mai kiran sunana na yanka. Uwar Biyu ake ce mini tun ranar da na haifi Hassana da Usaina. To, a wajenmu an ɗauka matar da ta haifi tagwaye akwai abin da Allah ya sa a hannunta, in mutum ya yi targaɗe ita ake kawo wa ta ja. Ban roƙa ba, ban koya ba. Ko arba'in ban yi ba aka shigo mini da wani da ya gurɗe a wajen kokawa, aka ce ja, Uwar Biyu. Na ja. Kwana uku sai ga shi yana tafiyarsa. Tun daga ranar ƙofata ba ta huta ba, shekara arba'in da ɗoriya.

Ga yadda nake yi. Safiya uku a jere, bayan sallar asuba, kafin in yi magana da kowa. In ɗumama man shanu in shafa, in yi bisimilla, in kama diddige da hagu, yatsu da dama, in ja. Sannan in ɗora babban yatsana a kan idon sawu in danna da iya ƙarfina. Me ya sa nake dannawa? A tunanina idon sawu wani ɗan ƙashi ne mai zaman kansa, kewayayye kamar ƙwallon goriba, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne zaune a gurbinsa. In an gurɗe, ƙwallon ne ya fita gurbi, aikina in mayar da shi. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na yanke, na zauna a kai.

Har gyara nake wa mutane. Yaran yanzu su zo su ce idon ƙafa, in ce mu idon sawu muka tashi muka ji. Wani ya ce wuyan ƙafa, in ce a'a, wuyan ƙafa daban, inda munduwa ke zama; agara daban, ita ce jijiyar baya; idon sawu kuma shi ne tudun nan. Sai su ce kai, Uwar Biyu ta san ƙafa. Ni ma na ɗauka na sani. Sunayen na sani.

Falmata matar ɗana na fari ce. Sunansa ba zai fito bakina ba. Usaina, rubuta Babba, yadda kuke ce masa. Ita 'yar Ajingi ce, iyayenta Barebari, kakanninta fatauci ya kawo su daga gabas suka zauna. Shekararta goma sha biyu a gidan nan, 'ya'ya huɗu, ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. In za ta gaishe ni, tun daga bakin ƙofa take durƙusawa, idonta a ƙasa.

Ranar wata Laraba ce, ana cirar gyaɗa, maza duk suna gona. Ta shanya kuɓewa a kan rumfa, sai hadarin ƙarshen damina ya taso. Ta kifa turmi ta hau don ta kwashe. Turmi ya mirgine. Ina ɗaki na ji faɗuwar, na kuma ji wata ƙara tare da ita, kamar an taka busasshen kara. Na ji ta. Usaina, rubuta cewa na ji ta da kunnena.

Na fito na same ta zaune cikin kuɓewa a warwatse, ta riƙe ƙafar dama da hannu biyu, gumi na bin fuskarta.

Na ce, "Sannu, 'yar nan. Ina ne?"

Ta ce, "Nan ne, Inna. Ba komai."

Na duba, wajen ya fara tashi. Na ce targaɗe ne, gobe da asuba zan ja.

Da yamma Babba ya dawo ya gani, ya zo ya tsuguna a ƙofata. Ya ce, "Inna, ko in nemo a-daidaita-sahu mu kai ta Gaya a yi hoto?"

Na ce, "Hoton me? Gari guda na kawo mini ƙafafunsu, ni kuma ta gidana a ɗauke ta a wuce ta gabana a kai wa wasu? Me za a ce a Balan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna." Ya tashi.

Maganar nan ita ce farkon laifina. Ban ce me zai sami ƙafar ba. Cewa na yi me za a ce a Balan.

Da asuba na shiga ɗakinta da man shanu. Na shafa, na kama, na ja. Ta cusa gefen mayafi a baki. Na ɗora yatsa na danna, sai na ji abu na motsi a ƙarƙashinsa, ƙurus-ƙurus, kamar ana murza tsakuwa cikin tsumma. Ban taɓa jin irinsa ba a ƙafar kowa. Na ce a raina ƙwallon ne ke neman gurbinsa, na ƙara dannawa. Ni ba na magana sai na gama, ita kuma ba ta ihu a gaban uwar miji. Haka muka yi shiru mu biyu, ƙashi na ta ƙara a tsakaninmu.

Da na gama na ce, "Ya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi, Inna."

Safiya ta biyu, da sauƙi, Inna. Safiya ta uku ina cikin danna idon sawu na ciki sai na ga kanta ya langaɓe. Na yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Ban ko tambaya ba ta ce da sauƙi. Ni kuma na karɓa, na fita tsakar gida na gaya wa mata cewa ga shi ita da bakinta ta ce da sauƙi. Kamar ban san ba abin da mara lafiya ke cewa sai wannan. Kamar ni ma ba haka na ce wa uwar mijina ba ranar da nake naƙudar tagwaye.

Ban tsaya nan ba. Na ce mata targaɗe ba ya son kwanciya, ta riƙa takawa. Na ba ta tsohuwar taɓarya ta dogara. Da ita ta yi ta tsalle tsakanin murhu da randa, tana dafa wa masu cirar gyaɗa abinci, ga goyo a baya.

Sati na biyu kumburi ya haura har ƙauri. Fatar ta yi baƙi-baƙi kamar an tsoma ta a marina. Bororo ya fito a gefen idon sawu, manya biyu, cike da ruwa. Masu dubiya suka fara shigowa, kowa da abin da ya zo da shi a baki. Wannan ta ce a gasa ganyen tumfafiya a ɗaura. Waccan ta ce lalle ke janye zafi. Wata ta ja ni gefe ta ce ba banza ba, turmi ba ya mirginewa haka kawai, a nemi rubutu. Duk na yi, don kowanne cikinsu ya fi mini sauƙi a kan in ce na yi kuskure. Na gasa wajen da ruwan zafi har bororon ya fashe. Babba ya sake zuwa ƙofata, ya tsuguna, ya gaishe ni, ya daɗe, ya tashi bai ce komai ba. Na san abin da ya kawo shi. Na bar shi ya tafi da shi.

Sati na uku zazzaɓi ya shigo. Inda bororo ya fashe ya zama rauni, raunin ya fara ruwa, ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta bai rufe shi ba. Barebari kuwa kun san su da turare. Ta daina iya dogara taɓarya, sai jan gindi. Na shiga na ce ya jiki, ta ɗago da ido jawur ta ce da sauƙi.

Mata masu kai man gyaɗa kasuwar Ajingi su suka kai labari. Washegari sai ga Ya Gana, uwar Falmata, an sauke ta a babur. Ni kakata Bafulatana ce, don haka tsakanina da Ya Gana wasa ne. Duk zuwan da take yi, tun daga zaure ake jin ta: "Ina baiwar nan tawa? Fito ki karɓi kayan uwargijiyarki!" Ni kuma in ce, "Wa ya kwance wannan baiwa ta baro turkenta?" Ranar nan sai ta yi sallama a hankali. Ta ce, "Ina kwana, Uwar Biyu. Mun same ku lafiya?" Gaisuwar nan ta fi mini zagi ciwo.

Ta shiga ta yaye zanen da ke kan ƙafar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi wa 'yarta magana da Barbarci, Falmata ta amsa, ta yi ta magana, ta yi ta magana, hawaye na zuba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na san doguwar maganar nan ba da sauƙi take nufi ba. Sati uku tana ɗauke da ita a ciki, tana jiran wanda za ta iya gaya wa.

Ya Gana ta fito ta ce, "Uwar Biyu, aro na zo. Ki ara mini 'yata kwana biyu."

Na ce, "Ɗauki. Amma ƙafata ƙafarku."

Ta juya ta koma ɗaki ta shirya 'yarta. Babba ya kawo a-daidaita-sahun da ya so kawowa tun ranar farko.

A Ajingi akwai wani tsoho mai ɗori, gadon gidansu ne. Can muka fara zuwa. Aka shimfiɗa ta a zaurensa. Ya sa yatsa biyu yana bin ƙashin a hankali kamar mai duba ƙwai, bai ja ba, bai danna ba. Ya kai idon sawu ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya ja ƙafar nan?"

Sai Falmata ta ce, "Ni ce na yi ta takawa, Baba. Ba na jin magana."

Ya ɗago ya dube ni. Ya san ni, wa bai san Uwar Biyu ta Balan ba? Ya mayar da idonsa kan ƙafar ya ce, "Abu huɗu ke samun wajen nan. Akwai targaɗe, wannan jijiya ce. Akwai gocewa, akwai tsagewa, akwai karaya. Kowanne da hannun da ake kai masa. Wannan karaya ce, kuma ta kwana da yawa. Da ranar aka kawo ta, da na gwada ɗaure ta da kara. Yanzu ga rauni ga ruwa, in na ɗaure ruɓewa za ta yi a ciki. Ku wuce asibiti yau, kada ku biya gida."

Huɗu ya lissafa. Ni duk abin da ya kumbura a idon sawu, suna ɗaya nake ba shi. Kuma na yi shiru a zauren nan, na bar yarinya ta ɗauki laifina ta aza a kanta. Wannan shi ne na biyu.

A asibitin Gaya mun sha layi. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin hoto daban, ga shi aka ɗauke wuta sai da aka jira inji. Falmata na kwance a kan benci, kanta a cinyar uwarta, tun hantsi har la'asar. Wata nas da ta wanke raunin faɗa take tana wankewa: "Kullum haka kuke, sai abu ya lalace ku kwaso mana! Sati uku, fisabilillahi, ba babba a gidan ne?" Babbar gidan kuwa, ni, ina tsaye a bayanta riƙe da buta. Amma Allah ya saka wa yarinyar nan, bakinta ne kawai da zafi. Hannunta sanyi gare shi, kuma ita ta bi mu har ƙofa tana nanata wa Babba cewa kada ya kwana biyu bai kai ta Kano ba. Suka yi mata allura, suka ba mu takarda da hoton a cikin babban ambulan.

Sati na huɗu muka shiga bas zuwa Kano, an saya mata kujera biyu don ta miƙe ƙafar. Kowane rami motar ta faɗa sai ta runtse ido. A asibitin ƙashi na ga abin da ban taɓa gani ba, mutane jere, wannan da ƙarfe ya huda masa ƙauri, wancan an naɗe masa ƙafar wando ɗaya, ba ƙafa a ciki, an soke da fil. Na kawar da kai, idona ya sake komawa.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an autana ba. Ya ɗaga hoton ya saita shi da fitila, ya kira mu mu matso. Ya faɗi sunayen ƙasusuwan da Turanci, guda uku, harshena bai ɗauki ko ɗaya ba. Da ya ga muna kallonsa sai ya yi murmushi ya ce, "Bari in faɗa da tamu. Iya, me kuke ce wa tudun nan?"

Na ce, "Idon sawu."

Ya ce, "Yauwa. To idon sawu ba ƙashi ba ne mai zaman kansa. Ƙasusuwa biyu ne suka sauko tun daga gwiwa, babba ta ciki, siriri ta waje. Tudun da kuke gani ƙarshensu ne. Su biyu suka riƙe wani ɗan ƙashi a tsakiya, yadda duwatsun murhu ke riƙe tukunya. In dutse ɗaya ya kauce, tukunya ta karkace."

Na ƙura wa hoton ido ina neman ƙwallon goribata. Babu ita. Babu gurbi, babu ƙwallo. Dogon ƙashi ne fari, ya zo ƙarshe ya rabu biyu.

Ya nuna da biro ya ce, "Na waje faɗuwa ce ta karya shi. Na cikin nan kuwa, ga alama tsagewa ya fara yi, daga baya wani abu ya tura shi ya rabu. An ja ƙafar? An danna?"

Falmata ta buɗe baki ta ce, "Likita, ni ce na..."

Na ce, "Yi shiru, 'yar nan." Na ɗaga babban yatsana na dama na ce, "Ni na ja. Safiya uku. Da wannan na danna. Na ji yana ƙara na ci gaba. Mijinta ya ce a kawo ta asibiti ranar farko, ni na hana."

A gaban ɗana na faɗa, a gaban Ya Gana, a gaban wasu ɗalibai biyu masu farar riga. Na so ƙasa ta tsage. Na jira faɗa, har na so a yi mini shi. Sai likitan ya ce, "Na gode da kika faɗa, Iya. Yanzu na san abin da zan tarar a ciki."

Sannan ya faɗi maganar da har gobe take kunnena. Ya ce, "Ƙashin ya fara kamawa a karkace. Sai mun sake karya shi." Ya ce amma ba yanzu ba, sai raunin ya bushe, don in cutar ta riga ta shiga ƙashi, to maganar ta wuce ta ɗingishi. Bai ƙarasa ba. Ban buƙaci ya ƙarasa ba, na ga mai wando da fil a waje.

Aka ba ta gado. 'Yar goyon aka yaye ta ba shiri, Usaina ta tafi da ita Gaya. Babba ya sayar da gyaɗar bana tun ba ta yi daraja ba, ya haɗa da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu. Ni na ce a kama awakina duka. Kullum da takardar magani sabuwa, kullum a ce wannan babu shi a ciki sai a waje.

Na ce ni zan yi jinya. Ni zan ɗauki fo, ni zan goge ta, ni zan juya ta. Na ɗauka tuba ke nan. Kwana biyu ina yi, sai na lura ba ta shan ruwa. In na miƙa mata kofi sai ta jiƙa leɓe ta ajiye. Ashe don kada fitsari ya kama ta ne uwar miji ta ɗauki fo ɗinta. Tana riƙewa tun safe har sai uwarta ta dawo daga sallah ko sayen abinci.

Ya Gana ta ja ni baranda ta ce, "Uwar Biyu, tubanki ma kaya ne a kanta. Kin karya mata ƙafa, yanzu kuma mara za ki fasa mata? Fita waje ki dafa mana ruwa."

Na fita. Sati uku na yi a gindin wata bishiya tare da sauran 'yan jinya, ni da kurfoti da gawayi. In dama kunu, in wanke zannuwa, in kai bakin ƙofa in miƙa wa Ya Gana in juyo. Matan wajen suka tambaye ni wa nake jinya, na ce surukata. Suka yi ta sa mini albarka, wai irina ba yawa, uwar miji da wankin zanen matar ɗa. Kowace albarka kamar an watsa mini barkono. Wata rana na gaji na gaya wa ta kusa da ni gaskiya. Sai ta ce ita ma mijinta da ke ciki, wata guda suka yi suna shafa masa man kaɗanya.

Raunin ya bushe a hankali, Allah ya sa cutar ba ta kai ƙashi ba. Sau biyu ana sa ranar aiki ana ɗagawa, sau biyu tana wuni da yunwa a banza. Wannan kam ban ji daɗinsa ba, kuma ba wanda ya tsaya ya yi mana bayani. Babba ya ba da jininsa. A karo na uku aka shiga da ita da hantsi. Muka zauna a benci, ni a wannan ƙarshe, Ya Gana a wancan, kowa da carbinta. Bayan azahar likitan ya fito ya ce, "Ƙafa ta tsira. Mun sa ƙarfe da kusoshi. Za ta taka. Amma mahaɗar ba za ta lanƙwasu kamar da ba."

Ya Gana ta yi hamdala ta share ido. Can ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke baiwa, zaman me kike? Tashi ki dama wa uwargijiyarki kunu." Ban iya ramawa ba. Kuka na fashe da shi a gaban mutane, da tsufana.

Muka dawo Balan da filasta har gwiwa da sanduna biyu na hammata. Wata biyu kafin a cire, wata guda kuma tana koyon taku kamar 'yar tatata. Ranar da ta fara ajiye sanda, da safe ta nufo ɗakina gaisuwa. Ta zo bakin ƙofa za ta durƙusa yadda ta saba. Ƙafar ta ƙi. Ta gwada, ta dafa bango, ta sake gwadawa, ta tsaya a rabi, ba ta sama ba ta ƙasa, kunya ta rufe ta. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ita ke ba ni haƙuri. Zaman tahiya ma yanzu sai ta miƙe ƙafar gefe.

Da hantsi, da yara suka fita, na tafi ɗakinta. Na tuɓe takalmi a waje, na shiga na durƙusa a gabanta. Ta ruɗe tana neman tashi.

"Inna, don Allah! Don Annabi ki tashi, kada wani ya shigo!"

Na ce, "Bari ya shigo. Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ki yi mini komai ba, Inna. Ƙaddara ce."

Na ce, "Turmi ƙaddara ne. Safiya ukun nan ni ce."

Ta yi ta murza bakin zane. Can ta ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Na ce, "Saura ɗaya. Daga yau in na tambaye ki jiki, kada ki ce mini da sauƙi in babu sauƙin."

Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "To, Inna." Washegari na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Jibi ma haka.

Har yanzu ana sallama a ƙofata da asuba. Na daina ja. Wasu sun ce na yi rowar abin da Allah ya ba ni kyauta, wata ma ta ce ai na Falmata tsautsayi ne, ɗari nawa na ja suka warke? Na ce mata waɗanda suka warke, da ban taɓa su ba ma da sun warke. Waɗanda ba su warke ba kuwa ba su dawo sun gaya mini ba, da sauƙi suka ce suka tafi. Wannan tunani shi ke hana ni sakewa in na ga mai ɗingishi a kasuwa.

Don haka na sa a rubuta. In an ji ƙara lokacin faɗuwa, in mutum ya kasa taku huɗu, in an taɓa tudun ƙashin kansa ya zabura, kada a kai wa irina, a je a yi hoto ranar. In kuma matar ɗanki ce, ke tsohuwa, kada ki tambaye ta da kanki. Aika a kira uwarta, ko ƙawarta, su tambaye ta a bayan idonki.

Damina ta zagayo. Shekaranjiya aka kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na fito na gan ta a gindin turmi, turmin nan dai, ta zuba gero, ta jingina da taɓarya ba ta fara ba, ta ɗage ƙafar dama daga ƙasa.

Na ce, "Falmata, ya ƙafar?"

Ta dubi ƙasa. Ta dubi turmi. Sannan a hankali, kamar mai satar magana, ta ce, "Yau kam tana ciwo, Inna. Tun asuba ƙarfen ke sarana."

Na ce, "Madalla da kika faɗa. Zauna ki miƙe ta."

Na jawo mata kujera ta zauna. Hannuna ya nufi ƙafar da kansa, yadda ya saba shekara arba'in. Na mayar da shi. Taɓaryar na karɓa.